Ɗan Gida da Buhun Baƙo

Wannan babin ba don mutanen waje na rubuta shi ba, don ku ne 'ya'yana, musamman ke Zainabu da kika fi kowa riƙo. Na lura duk sallar da muka je Jibiya, gaisuwar da kuke yi wa yayana, Baba Sada, a tsaitsaye kuke yin ta kamar masu jiran mota. Na san abin da ya shiga kunnenku. An ce shi ya hana ubanku zama farfesa, wai hassada ce irin ta wanda bai yi boko ba ga ƙanen da ya yi. Mahaifiyarku ba ta taɓa faɗa da bakinta ba, amma da an ambaci sunansa sai ta tuna da tukunya a kan wuta, ku kuwa ba yara ba ne, kun gane. To ga yadda aka yi, zan faɗa muku tun ina da numfashi, tun shi ma yana da kunnen jin gaisuwarku.

Sai kun san gidan da aka haife ni kafin ku gane sauran. Ku gidan kakanni kuka ɗauke shi, inda ake cin tuwo da man shanu a koma birni. A wajen mutanen Maraɗi kuwa masauki ne. Kakanku fatoma ne, mai saukar da fatake, haka ubansa. Fatake su tsallako iyaka da wake da gero da dabbobi, su sauka a zaurenmu tun jajibirin kasuwa, a ba su wurin kwana da abinci, a ajiye musu kaya a babban siton bayan gida, wanda su suke kira mangaza, a nemo musu mai saye, a tsaya musu shaida, in ciniki ya faɗa a ba mai gida la'adarsa. Wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne dokar gidan, wadda ba a taɓa zaunar da mu aka karanta mana ba, tashi muka yi muka same ta. Ɗan gida yana ɗaukar buhun baƙo, yana share gefensa, yana kwana gadinsa, amma ba ya buɗe shi, ba ya tambayar abin da ke ciki, in kuma baƙo zai kwance kayansa sai ɗan gida ya sami abin yi a wani wuri. Ko mai saye aka kawo, haɗa su ake yi a ja baya, sai sun daidaita a kira mai gida shaida. Dalilin a fili yake. Mutumin da ya baro ƙasarsu da dukiyarsa yana tsoron abokin kasuwar da zai karya masa farashi, yana tsoron ɓarawo, yana tsoron jami'an kan iyaka na nan da na can. Ba tabarmarmu yake biya ba, tabarma ko a tasha akwai. Rufin bakinmu da kau da idonmu yake biya. Da Baba, kakanku, ya rasu, makullan mangaza suka koma aljihun Yaya Sada, ni kuwa boko ya riga ya tafi da ni.

Na yi karatun aikin gona, na tsaya a fannin adana amfanin gona, na zama malamin jami'a. Na koyar har waɗanda na koyar suka zo suna koyarwa a ofis ɗin da ke kusa da nawa. Na kai matakin da daga shi sai farfesa, sai na tsaya cak. Ba rubutu na rasa ba. Sabuwar ƙa'ida aka kawo, cewa duk mai neman wannan kujera sai ya nuna ya taɓa jawo wa jami'a tallafin bincike daga waje, ba daga aljihun gwamnati ba. Mu da muka saba yin bincike da ragowar albashi da ɗaliban da ba a biya, muka yi zuru. Shekarun ritayata kuma sun fara leƙowa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son kujerar nan. Ina son ta sosai, ba don ƙarin albashi ba, don in ji an kira sunan Baba a bayan wannan kalma ko sau ɗaya ne.

A shekarar ce jami'a ta shirya mana bita kan yadda ake rubuta takardar neman tallafi. Aka ɗauko wata mata daga kudu, Madam Toyin, 'yar gajeruwa mai tabarau a goshi, wadda aka ce ta daɗe tana cikin alƙalan da ke tantance irin waɗannan takardu. Muka shiga da raini, mu tsofaffin malamai, muna cewa wai yau za a koya mana rubutu. Kafin azahar ta ranar farko raini ya fita. Ta sa kowa ya kawo abin da ya taɓa rubutawa, ta ɗora nawa a majigi kowa yana gani. Ni kuwa na rubuta shi yadda aka koya mana zuwa gaban manya. Na fara da yabon masu ba da tallafin da irin alherin da suke wa duniya, na gangaro da tarihin noman wake a ƙasar Hausa, na ba da haƙuri kan ƙarancin sanina, sai can ƙarshe na ɗan taɓo abin da nake so, na ce ko kaɗan aka samu ya wadatar. Ta karanta shafin farko, ta sauko da tabarau kan hanci, ta tambaye ni ko gaisuwar ta'aziyya na je. Ɗakin ya kwashe da dariya, har da waɗanda nasu ya fi nawa muni.

Matar nan ta san aikinta, kuma har gobe ina gode mata. Ta ce wanda zai karanta takardarka bai san ka ba, bai san garinku ba, ya gaji, kuma akwai tulin irinta a gabansa. Ka fara da matsalar tun layin farko. Ka faɗi tambaya guda, ba goma ba. Ka karanta sanarwar masu tallafin kamar yadda kake karanta takardar asibiti, ka ba su abin da suka ce suna nema, ba abin da ka daɗe kana son faɗa ba. Kada ka nemi abin da ba zai isa aikin ba don kawaici, za su ɗauka ba ka san aikin ba ne. Takan ƙyasta ashana ta riƙe, ta ce mutum ya miƙe ya faɗi abin da zai yi da amfaninsa kafin wutar ta kai yatsanta. Da yawanmu ashana ta mutu muna kan sallama. Wanda ya fi kowa iyawa shi ne wani matashin malami a sashenmu, Dokta Ndagi, Banufe. Kun san tsakanin Katsinawa da Nufawa wasa ne tun kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Ndagi ya riƙe wannan wasa hannu bibbiyu. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma ko a gaban shugaban tsangaya “bawana” yake ce mini, ni kuma in ce masa ya je ya kamo mana kifi. Ya gama nasa bayanin ashana ba ta kai rabi ba, ya zauna yana mini gwalo.

Abin da nake son bincika ba sabo ba ne a raina. Wake ba ya jure ajiya, ƙwari ke cinye shi. Saboda haka masu ajiya suna zuba masa magani, wani wanda aka yi don hatsi, wani kuwa wanda aka yi don feshin gona ko don abin da ba a ci, gwargwadon abin da mai shago ya ce musu. Daga nan waken ya tafi tukunyar mutane. Ba mugunta ba ce, mutum ne ke kare dukiyarsa da abin da ya sani. Ina son in gano me ake zubawa, yaushe, kuma me ya rage a jikin ƙwayar bayan watanni, sannan a gwada musu wata hanyar ajiya da ba ta buƙatar guba. Sayen mudu a kasuwa ba zai ba da amsa ba, don wake ya riga ya gauraya, ba ka san na wa ba ne, ba ka san tun yaushe ba. Sai an shiga sito, an bi buhu guda tun shigarsa har fitarsa. Madam Toyin ta ce tambayar ta yi kyau, amma akwai saura. Me ya sa kai? Me kake da shi da wani masanin a wata ƙasa ba shi da shi? Na ce ai Allah ne ke yi, akwai waɗanda suka fi ni. Ta ce to su za a ba. Ta yi ta tono na har na gaji, na ce mata a masaukin fatake aka haife ni, a bakin iyaka, kuma yayana uwa ɗaya uba ɗaya ne ke riƙe da makullan siton da waken Maraɗi ke kwana.

Ta ajiye alƙalami, ta ce, “Kana da wannan, shi ne ka cika mini shafi da tarihin wake? Wannan ita ce takardar. Sauran duk rakiya suka yi mata.”

Na rubuta sakin layin a ranar. Na ce ni ɗan gidan ne, fataken sun san ni tun ina ƙarami, zan iya shiga siton a kowane lokaci in ɗebi samfuri daga buhunan da ke ciki. Ta ɗora shi a majigi a ranar rufe bita a matsayin misali, aka tafa mini. Daɗi ya kama ni har kunne. Ban manta dokar gidanmu ba, amma na gaya wa kaina cewa wannan ilmi ne, ba tsegumi ba, kuma ba za a ambaci sunan kowa ba. Na ɗauka da na yi wa Yaya bayani zai gane.

Na tafi Jibiya ranar kasuwa. Shekarun nan iyaka ba ta da tabbas, yau a buɗe gobe a rufe, fatake da yawa sun daina zuwa, waɗanda suka rage kuma sun zama masu waige-waige. Na ratsa ta cikin manyan motoci da babura masu ɗauke da jarkoki, na sami Yaya bayan la'asar a bakin zaure yana sallamar 'yan dako. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, aka kawo fura. Na yi masa bayani dalla-dalla yadda Madam Toyin ta koya mana, matsala da farko, amfani a ƙarshe. Bai katse ni ba. Ya yarda ana zuba magani, ya ce warin kaɗai ya isa ya gaya wa mutum, shi kansa ya daina cin waken da bai san gonarsa ba. Ya ce aikin mai kyau ne, Allah ya ba da lada. Sannan ya tambaye ni wa zai buɗe buhunan.

Na ce, “Ni, Yaya. Cokali guda kawai zan ɗiba, kuma ba sunan wanda zai fito.”

Ya ce, “Lawal, kai ɗan gidan ga ne. Ko ƙwaya guda ka ɗauka, ɗan gida ya buɗe buhun baƙo. Ran da Alhaji Mamani ya ji, ba zai yi faɗa ba, zai gode mani, ya ɗauke kayanai ya bar zuwa. Sauran su bi shi. Mi zan hwaɗa wa mutanen da ke ci a gidan ga?”

Alhaji Mamani shi ne babban baƙonmu daga Maraɗi, tun zamanin Baba yake sauka a wurinmu. Na ce to a nemi izininsa mana. Yaya ya girgiza kai, ya ce baƙo ba ya iya ce wa mai masaukinsa a'a, kunya za ta sa ya yarda da baki, zuciyarsa kuwa ta tashi daga gidan, wannan ya fi sata muni. Na ce to zan je siton wasu. Ya ce a Jibiya duk siton da na shiga ɗan gidan fatoma ne ya shiga, labari kuma ba ya kwana. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa a kan lafiyar mutane ake magana, ba la'ada ba. Ya dai ce shi ba zai hana ni rubuta abin da na ga dama ba, ni babba ne, amma makulli ba zai ba ni ba.

Na shiga cikin gida wajen Inna, kakarku, ina huci, ina zaton za ta shiga tsakani. Tana tsince shinkafa a faifai. Ta saurare ni har na gama, ta ce ita ba ta san farfesa ba, amma ta san da tuwon gidan nan aka biya mini makaranta, kuma wanda ya zauna ya riƙe gidan don in tafi yana can bakin zaure. Iyakar maganarta ke nan, ta ci gaba da tsintarta. Da na dawo birni mahaifiyarku ta ba da tata shawarar, kuma ba ta wauta ba ce. Ta ce in bar sakin layin yadda yake, in tallafin ya fito ai ganin motar aiki a ƙofar gida zai sassauta zuciyar kowa, in ma bai sassauta ba a san dabara. Ndagi ma haka ya ce, ya ƙara da cewa rabin masu rubuta irin wannan takarda alkawarin abin da ba su riƙe ba suke yi. Na yi ta juya maganar har wa'adin miƙa takarda ya matso. Abin da ya tsaya mini shi ne, in na bar shi, ɗayan biyu ne: ko na yi wa mutanen can ƙarya, ko na zo na tilasta wa yayana da kunyar an riga an ba da tallafi. Ba wanda ya sa ni, ku riƙe wannan da kyau. Da hannuna na goge sakin layin. Na rubuta a madadinsa cewa zan nemi haɗin kan 'yan kasuwa a yankin. Madam Toyin ta duba takardar kafin in tura, ta kira ni a waya ta ce na zare mata ƙashin baya. Na ce na sani.

Amsa ta zo bayan watanni. Sun ce tambayar tana da muhimmanci, tsarin aikin ya yi, amma mai neman bai nuna yana da wata alaƙa da wurin ba, kuma da wuya 'yan kasuwar kan iyaka su yarda da baƙon da ba su sani ba. Ni ke nan, wanda aka binne cibiyarsa a bayan mangazar. Na yi dariya a ofis ni kaɗai, dariyar da ba ta daɗi ba. Na gwada wasu wurare da wasu tambayoyi, amma tambayoyin aro ne, ni kaina na san ba su da rai, su ma alƙalan sun sani.

Da aka sake buɗe neman tallafin, Ndagi ya shigo ofis ɗina ya ce mu haɗa, shi a gaba ni a baya, tunda shi ba ɗan gidan kowa ba ne. Na kai wa Yaya maganar ba tare da sa rai ba. Ya ce gidan nan bai taɓa korar baƙo ba. In Banufen ya zo za a ba shi tabarma da tuwo kamar kowa, abin da zai tambayi baƙi 'yan'uwansa kuma tsakaninsu ne, wanda ya ga dama ya buɗe masa, wanda bai ga dama ba ya kore shi, ba kunyar da za ta hana. Amma zai gaya musu gaskiya cewa abokin aikin ƙanensa ne, kuma zai ba su kalmarsa cewa ƙanen nasa ba shi da hannu a ciki, ba zai ga sakamakon buhun kowa ba. In kuwa ya ba da wannan kalma, to dole ta zama gaskiya. Na gane abin da ake nufi. Sunana ba zai hau takardar ba, ko a gaba ko a baya. Ndagi ya ce a sa a ɓoye, wa zai karanta Turanci a zauren fatake? Na ce masa yayana zai ba da kalmarsa, magana ta ƙare. Na kwashe duk abin da na tara a kan aikin na ba shi. Ya karɓa da hannu biyu, kuma ranar ce kaɗai Banufen nan bai ce mini bawana ba. Ya rubuta cewa an yi masa alkawarin masauki a gidan da fatake ke sauka. Aka ba shi tallafin.

Ni na kai shi Jibiya a motata, wata Asabar da hantsi, lokacin fatake sun fara sauka. Niyyata in ajiye shi in juya, Yaya ya ce ba a kawo baƙo a tafi ba a ci abinci ba. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne mutanen Maraɗi ma Katsinawa ne, wasan da ke tsakaninmu da Nufawa har da su. Ndagi ya yi sallama da karyayyar Hausarsa, ya dubi Alhaji Mamani, dattijo mai farin gemu da kowa ke russuna wa, ya ce ashe nan bayinsa suka gudo suka ɓuya. Alhaji ya fashe da dariya har yana tari, ya ce a kama masa wannan bawan a ɗaure kafin ya faɗa rijiya da sunan kogi. Kafin a gama cin tuwo Ndagi ya gaya musu abin da ya kawo shi ba kwana-kwana, ya ce ya zo ya ga irin gubar da suke ba mutane ne. Maganar da ni in na faɗa gidan zai watse, shi ya faɗe ta ana dariya. Wasu biyu suka ce ba ruwansu, ya ƙyale su. Alhaji Mamani kuwa ya ce shi ma abin ya daɗe yana damun sa, jikokinsa wake suke ci. Ya sa aka jawo buhu guda daga mangaza zuwa tsakiyar zaure, ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, ya kama bakin ɗinkin.

Shekara da shekaru nake son ganin wannan. Ina zaune kusa da buhun, har na fara jin warin maganin. Sai Yaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Lawal, baƙi na jin ƙishirwa.”

Akwai masu aike cike da ƙofar gida, ni kuwa ga furfura, ga digiri uku. Na tashi na shiga ciki. Na isa gindin randa na ɗauki moɗa, sai na mayar da ita. Na zauna a kan turmi na yi kuka, kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun rasuwar Baba. Baƙin ciki ne, ba wani abu ba. Aikina ne ake yi a zauren ubana, ni kuma an aike ni ɗebo ruwa. Inna tana daga ƙofar ɗakinta, ba ta ce mini in yi haƙuri ba, ta dai ce kada in yi sauri, ba su gama ba.

Ina nan zaune sai na ji tafiya a bayana. Yaya ne. Na ɗauka ya biyo ni ne ya ga abin da ya tsare ni, sai na tuna shi ma ɗan gida ne. Shi ma fitowa ya yi. Mutumin nan tun yana saurayi yake kwana da makullan mangaza a aljihu, bai taɓa tsayawa an kwance buhu a gabansa ba, kuma bai nemi in yi abin da shi ba ya yi ba. Ya tsuguna kusa da ni, ya ga fuskata, ya kau da kai. Idonsa ya yi ja. Muka zauna muna jin dariyarsu daga zaure har aka kira mai ɗinkin buhu. Sannan ya miƙe, ya cika kwanon sha da kansa. Na kai hannu zan karɓa, ya janye.

Ya ce, “Na san asarar da na jawo maka, Lawal. Da da wata hanya da na bi ta. Zauna, ni zan kai.”

A gidanmu wa ba ya ɗaukar ruwa ƙane yana zaune. Ban taɓa gani ba kafin ranar, ban kuma sake gani ba.

Sauran kun sani. Aikin ya yi kyau, Ndagi ya zama farfesa, kuma ya cancanta. Ya so ya gode mini a rubuce na hana shi, har yau in ya zo gaishe ni sai ya tsuguna kafin ya ce bawana. Da yawa daga baƙinmu yanzu a buhu mai leda a ciki suke ajiye wake, wanda iska ba ta shiga, ba sa zuba komai. Haka aka gaya mini, ni ban leƙa ba. Na yi ritaya a matakin da na tsaya, kuma har yanzu in na ji an kira wani farfesa a rediyo wani abu yakan ɗan soke ni, ba zan ɓoye muku ba. Amma gidan yana nan, fatake suna sauka, 'ya'yan Alhaji Mamani ne ke zuwa yanzu, kuma tuwon da kuke ci in kun je daga nan yake fitowa.

Baba Sada ya tsufa, idonsa ya yi rauni, da murya yake gane mutum. Sallar nan in Allah ya kai mu, in kun shiga zaure ku cire takalma ku zauna ƙasa ku gaishe shi, ku bari ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya har ya gama. Ke Zainabu, in ya nemi ruwa, ke za ki kawo.